Lamba Ɗaya A Ko'ina

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu. Sau huɗu ina buɗe shafin nan ina rufewa kafin na iya rubuta ko da sallamar. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya, don haka in kun ga na yi gaba na dawo baya ku yi min uzuri. Sunana Muhsina, a Gaya nake, kuma da wayar Ummata mai fasasshen gilashi nake rubuta muku wannan. Tawa tana nan gefena a kan katifa, a kunne take, cajinta cike, amma ba ta da amfanin komai. Dalilin hakan shi ne labarin.

Bari in fara da Mudassir.

Ɗan Ajingi ne, yana aiki a sashen gona na sakatariyar ƙaramar hukumarsu. Shekara ɗaya da wata biyu yana zuwa wajena, Laraba da Lahadi bayan la'asar, a kan wani jan mashin da nake gane kukansa tun daga kwanar layinmu. Ba wanda ya haɗa mu, ba wanda ya matsa min. Ni nake son sa. Ina so ku riƙe wannan tun yanzu, don kada ku yanke masa hukunci a gaba ku manta da ni.

Shi ya saya min wayar. Da na gama sakandare ban samu gurbin ci gaba ba, na cinye duk littattafan da ke gidanmu da na maƙwabta, har na koma karanta takardun da ake ƙunso ƙosai a ciki. Sai ga shi wata Lahadi da kwali a leda. Layuka biyu ya saya, lambobinsu a jere, tasa ta ƙare da arba'in, tawa da arba'in da ɗaya. A lokacin ban yi katin ɗan ƙasa ba, sai ya yi wa duka biyun rajista da sunansa.

Ya ce, "Wannan lambar ni da mutanen gidanku ne kawai. Ko ƙawayenki sai kin tace."

Na ce, "To in na yi kuskure na kira arba'in da biyu fa?"

"Gobe zan je in saye ta ita ma."

Na rufe fuska da hijabi ina dariya. Baba kuwa da aka kai masa wayar ya juya ta sau biyu a hannu ya ce, "Karatu da zumunci. Ranar da na ji wani abu daban, rijiyar tsakar gida ce makomarta."

Babana shi ne Malam Barau Mai Mai. Yana da injin matsar gyaɗa a wata rumfar kwano bayan tasha. Yana sayo gyaɗa wajen manoman Kademi, ya matse, ya sayar da man a jarka, mata masu ƙuli-ƙuli su kwashe tunkuzar. Da wannan injin aka ciyar da mu tun ina goye. Amma a bara sai abin ya tsaya. Man kamfani ya cika shaguna, a roba mai hoto, mutane suka koma can. In na kai masa abincin rana sai in tarar da injin a kashe, shi kuma yana zaune a kan buhu yana jan carbi, jarkoki cike a bayansa. Ranar da na ga ya aske kansa da kansa da reza a tsakar gida, don kada ya je wajen wanzami, na shiga ɗaki na yi kukan da ban san ina da shi ba.

Ni kuma ba abin da na iya sai karatu. Sai na karanta.

Na yi kwanaki ina bin shafukan da ke koya wa masu ƙananan sana'o'i yadda za su fito in an neme su a Google. Suka ce ka rubuta sunan sana'arka da sunan garinku yadda mai nema zai rubuta. Na sa Barau Mai Man Gyaɗa, Gaya. Suka ce ka ɗora kanka a taswira, ka sa hotuna na gaskiya. Na ɗauki hoton man a kwalba rana na ratsa shi, na ɗauki bidiyon rumfar lokacin da Baba ya tafi alwala, a ɓoye kamar ɓarauniya. Suka ce ka roƙi waɗanda suka saya su ba ka taurari su rubuta abin da suka gani. Sannan dukkansu, ba wanda ya tsallake, suka nanata abu guda: lamba ɗaya a ko'ina. Kada ka sa wata a taswira, wata a Facebook, wata a WhatsApp. In ka yi haka za a ɗauka ku mutum uku ne, a tura ka ƙasa inda ba mai ganinka.

To lambar wa?

Wayar Baba 'yar ƙarama ce mai tocila, kullum tana aljihun babbar rigarsa da ke rataye a ƙusa, kuma ko ya ji ba ya ɗaga lambar da bai sani ba. Umma matar aure ce a cikin gida, ba zan sa maza su riƙa kiranta ba. Saura arba'in da ɗaya. Na ce a raina sati biyu kawai, in abu ya kama sai in canza. Wallahi haka na ce.

Sati uku ba wanda ya kira. A na huɗu wata mata mai gidan abinci a Wudil ta kira. Bayanta wani mai suya daga Dutse. Daga nan sai 'yan Kano. Kowa ya kira sai in yi masa kwatancen rumfar, in roƙe shi, "Don Allah in ka je ka ce a intanet ka gani, kada ka ce da mace ka yi magana." Suka riƙe min, Allah Ya saka musu.

Injin ya dawo da kuka tun safe har la'asar. Baba ya koma wajen wanzaminsa. Ya yanke a ransa cewa wani mutumin Kano ne cikin tsofaffin masu sayen mansa ya yi masa wannan alherin bai faɗa ba. Kullum in ya shigo daga sallar magariba sai ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga hannu.

"Bawan Allahn nan da ya sa ni a intanet, Allah Ka rufa masa asiri yadda ya rufa min."

Ni ina bakin murhu ina cewa amin a ciki. Umma, wadda ita kaɗai ta sani, sai ta sunkuyar da kai tana tankaɗe. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana, don haka in Baba ya shige sai ta ce, "Ke. Wannan abin da kika ɗauko, ki san inda za ki sauke shi."

Wata bakwai ban sauke ba. Duk Laraba da Lahadi ina kashe ƙarar wayar kafin in fita zaure. Sau nawa na buɗe baki zan gaya wa Mudassir? Ban ƙirga ba. Sai in tuna fuskarsa ranar da ya ce ni da mutanen gidanku ne kawai, sai in tambaye shi ya hanya.

Aka tsayar da Asabar ɗin nan da ta wuce, manyansa za su zo daga Ajingi a sa ranar aurenmu, bayan azahar. Kawunsa, Kawu Da'u, shi ne waliyyinsa tunda mahaifinsu ya rasu, kuma shi zai jagoranci zuwan.

Ranar Litinin yayarsa, Yaya Maijidda, ta zo karɓar awon kayana saboda lefe. Na sa atamfata mai ruwan ƙwai da ganye-ganye, na share ɗakin Umma sau biyu, na turara shi, na kawo mata zoɓo mai sanyi da cincin. Mace ce mai fara'a, irin wadda dariyarta ke riga ta shiga ɗaki.

"Amaryarmu, kin ƙara haske. Me ƙanina yake ba ki ne a waya?"

"Kai Yaya."

"Ba ni lambarki ma. Yaron nan ya hana kowa, kamar lambar gwamna."

Na karanto mata tana dannawa. Sai na ga ta tsaya, ta matso da wayar kusa da idonta. Tana da manhajar nan da ke nuna sunan da mutane suka ajiye lamba da shi.

"Mai Man Gyaɗa Gaya," ta karanta a hankali. "Ko na yi kuskure ne? Sake faɗa."

Ban kai ga sakewa ba wayata ta haska a kan gado. Na bar ta. Ta katse, ta sake haskawa, wata lambar daban. Yaya Maijidda ta ɗauki cincin ɗaya ta riƙe ba ta ci ba.

"Ɗauki mana. Ko ni ce na hana ciniki?"

Na ɗauka. Muryar namiji ce, kuma ɗakin shiru ne. "Hajiya Muhsina, ina gajiya, kwana biyu. Akwai mai kuwa?"

Ta gama awon ba ta ƙara zolayata ba. Da za ta tafi ta yi wa Umma sallama da kyau, ta kalle ni ta ce, "Ashe mu ne kawai ba mu da lambar."

Ranar Laraba ya zo. Na ji kukan mashin ɗin, na ji ya mutu a ƙofar gida, amma bai turo saƙon da ya saba ba, wato na iso ranki ya daɗe. Na iso kawai ya rubuta. Na sa doguwar riga ruwan toka da hijabi baƙi, ban ko shafa hoda ba. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na ajiye ruwa. Yana sanye da shadda ruwan ƙasa, hularsa a hannu yana murza ta.

Muka gaisa kamar a asibiti. Sai ya ciro wayarsa ya ajiye a tsakaninmu. Shafin ne. Kwalbar man, rumfar, taurari biyar saura kaɗan, ga arba'in da ɗaya a ƙasa da shuɗin rubutu.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Na rubuta man gyaɗa Gaya kawai, ku ne na farko. Ko mu a sakatariya ba mu iya haka ba."

"Yaya Mudassir, ka bari in yi maka bayani."

"Tsaya in karanta miki wani abu tukuna." Ya ja shafin ƙasa. "Mai mai kyau, ba gauraye. Wannan ba laifi. Sun cika alkawari. Shi ma ba laifi. Ga na uku. Yarinyar da ke ɗaga waya akwai ladabi, ga murya mai daɗi, ko ba ka sayen mai ka kira." Ya ɗago. "Mutum goma sha ɗaya sun danna cewa wannan bayanin ya amfane su."

Na san da rubutun. Na gan shi tun watan azumi, na nemi yadda zan goge na tarar mai shafi ba ya iya goge abin da wani ya rubuta. Na kai ƙara ta wajen da aka tanada, na jira, yana nan.

"Ban san shi ba," na ce. "Wallahi ban san ko waye ba."

"Na yarda. Ni na yarda, Muhsina. Amma hoton rubutun nan yana zauren WhatsApp na danginmu tun daren Litinin. Har danginmu na Fatakwal sun sa baki. Kawu Da'u ya sa an karanta masa sau biyu, ya ce shi a saninsa in an je neman aure gida ɗaya ake sallama, bai san yarinyar da duk Najeriya ke da ƙofarta ba."

"Injin Baba ya tsaya ne. Ka gani da idonka a bara. Ba ni da wata lambar."

"Kina da baki ai. Ni da nake zuwa sau biyu a sati. Da kin ce Mudassir, sayo min wani layin, da kafin magariba na kawo. Wata bakwai ina zaune a tabarmar nan ina jin ni kaɗai ne, ashe layi nake bi bayan mai suya."

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ni kuma hawaye sun riga sun sauko, ina share su da bakin hijabi. Ku gaya min, me zan ce? Gaskiya ya faɗa.

Sai wayar ta haska a cinyata. Na kife ta.

"Ɗauki."

"Don Allah."

"Ɗauki, ki sa a fili. Ina so in ji muryar da ake ba taurari."

Malam Tukur ne, wani mai kai mai gidajen abinci a Kano da motarsa ƙirar akori-kura, dattijo mai yawan barkwanci. "'Yata, ranar Asabar ina tafe, jarka arba'in. A ce wa Malam kada ya sayar wa 'yan Dutse da rabona." Na ce to, Allah Ya kawo shi lafiya.

Mudassir ya sa hularsa. "Ki cire lambar kafin Asabar. Ko'ina. In na nuna wa Kawu babu ita, wataƙila in shawo kansa. In tana nan, ban san abin da zan ce masa ba."

"In na cire, masu sayen fa? Yanzu Baba ya sayo gyaɗar kaka, rumfar cike take."

"Ban sani ba," ya ce. Ya tsaya a bakin zaure, bayansa gare ni. "Ni dai na san layin da sunana yake."

Ban gane nauyin maganar ba sai daga baya.

Ranar Alhamis tun da na idar da sallar asuba nake kan wayar. Na shiga shafin na goge arba'in da ɗaya na sa lambar Baba, duk da na san ba zai ɗaga ba. Aka rubuto min cewa ana duba gyaran, zai iya ɗaukar kwanaki. Na cire ta a Facebook. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na rubuta lambar kanta a Google na nema.

'Yan uwa, shafuka shida. Wasu rumbunan adireshin 'yan kasuwa ne da ban taɓa jin sunansu ba, sun kwafe sunan Baba da lambata sun jera a nasu. Wani ya sa mu cikin jerin masu man gyaɗa na jihar Kano. Wata mata ta ɗora hoton kwalbar a zauren masu girki, mutum ɗari biyu sun tura gaba. Ɗaya shafin na samu inda ake aika musu saƙo, na rubuta da Turancina na sakandare ina roƙo. Sauran ko ƙofar shiga ban gani ba. Ban da waɗanda suka riga suka ajiye ta a wayoyinsu, suka ba 'yan uwansu, 'yan uwan suka ba maƙwabta. Lamba ɗaya a ko'ina. Na bi umarnin sosai, ban bar ko kusurwa ɗaya ba.

Umma ta shigo ta same ni zaune a ƙasa na jingina da gado.

"Ke, tun safe ba ki sa komai a cikinki ba."

"Umma, lambar ba ta ciruwa."

"To ki gaya wa Malam. Ya ji daga bakinki ya fi."

"Rijiya fa ya ce."

"Wayar ya ce zai jefa, ba ke ba." Ta ajiye min kwanon fate. Ta kai ƙofa ta juyo. "Ko da yake ban rantse ba."

Ban gaya masa ba. Na je har bakin ɗakinsa sau biyu, na ji yana lissafa wa ƙaninsa mutanen da za a gayyato ranar Asabar, muryarsa cike da farin ciki, na koma.

Ranar Juma'a da hantsi ina wanke-wanke na lura wayar ta yi shiru da yawa. Na goge hannu na duba. A saman gilashin, inda sandunan sabis suke tsayawa, babu komai. Na kashe na kunna. Na cire layin na goge shi da gefen zani na mayar. Na fita tsakar gida na ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa. Wayar Umma kamfani ɗaya ce da tawa, sandunanta cike.

Da tata na kira arba'in. Ta yi ta ƙara ba a ɗaga ba. Na daɗe ina kallon madannan kafin na kira arba'in da ɗaya, lambar da layinta ke cikin tafin hannuna. Sai aka ce min wanda nake kira yana kan wani kiran.

A nan na gane. Ya je ofishin kamfanin da katinsa, an ba shi sabon layi da lambar, nawa ya mutu. Na yi ƙoƙarin shiga shafin Baba ta wayar Umma in ga ko gyaran ya hau, aka ce an tura lambar sirri zuwa layin da ya ƙare da arba'in da ɗaya. Shafin ma ya fita daga hannuna ke nan. Ban san ko ya karɓe layin don ya rufe shi ba ne, ko don ya ji da kunnensa irin maganar da maza suke yi min. Na tura masa saƙo uku ta wayar Umma. Na farko dogo ne. Na ƙarshe kalma biyu ce, za ku zo? Duk an karanta. Ba amsa.

Asabar ta zo kamar ba ta san komai ba. Baba bai buɗe injin ba. Ya sa farar shaddarsa ta sallar bara, aka share zaure aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa sababbin tabarmi uku da darduma a sama saboda Kawu Da'u. Ƙannen Baba biyu da limamin unguwarmu suka zo tun kafin azahar. Umma da maƙwabta suka yi waina da miyar taushe, aka soya kaji da man Baba. Ni aka sa ni na yi lalle tun ranar Juma'a, na sa leshi ruwan hoda da ba zan fita da shi ko'ina ba, na zauna bayan labulen ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida, inda nake jin komai.

Aka yi azahar aka dawo. Ƙarfe biyu da rabi. Ƙarfe uku. Duk mashin ɗin da ya shigo layin sai in kasa kunne, sai ya wuce. Hirar zauren ta fara da farashin taki, ta koma ruwan bana, ta ƙare. Aka kira la'asar. Suka je suka dawo. Wainar ta huce a cikin kwanukan. Liman ya ce wataƙila hanya ce, Baba ya ce wataƙila. Ajingi ce fa, ba Maiduguri ba.

Wajen ƙarfe biyar sai ga ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida. Baba ya miƙe yana gyara hula. Umma ta damƙe hannuna.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan Malam Barau Mai Mai?"

Na san muryar. Malam Tukur.

"Na je rumfa na tarar a kulle," ya ce bayan an gaisa. "Sai na kira lambarku ta intanet, aka ce min yau kuna da baƙi, aka yi min kwatancen gida tiryan-tiryan, har da bishiyar darbejiyar ƙofa. An ce in ba ka haƙuri, in jira ka gama." Ya yi dariya. "Malam, ka yi sabon ma'aikaci ne? Da 'yata ce mai ɗagawa, mai ladabin nan. Tun jiya kuma namiji."

Ya manta da roƙon da na yi masa. Ko kuma ya ɗauka tunda ya zo gida babu sauran ɓoyo.

"Wace 'yar taka?" in ji Baba.

"Muhsina mana."

Ta gefen labule na ga Baba ya miƙa hannu, Malam Tukur ya ba shi wayar, shafin a buɗe. Wata bakwai yana wa shafin nan addu'a, yau ya fara ganinsa. Ya kalli kwalbar. Ya kalli rumfarsa, da babbar rigarsa a rataye a ƙusa. Ya nisanta wayar daga idonsa ya karanta lambar, leɓɓansa na motsi, har ya kai ƙarshe. Gyaran bai hau ba.

Bai waiwayo wajen labulen ba. Da ya waiwayo da ya fi min sauƙi.

"Kira min ita," ya ce.

Wayar Malam Tukur sai a fili take magana, abin kunnenta ya lalace. Ƙara ɗaya, biyu.

"Salamu alaikum, Barau Mai Man Gyaɗa, Gaya. Da me za mu taimaka?"

Muryar Mudassir ce, yana faɗa yadda nake faɗa. Sak yadda ya ji na faɗa. Na toshe bakina da mayafi.

"Ni ne Barau ɗin," in ji Baba.

Mudassir ya ce, ƙasa-ƙasa, "Baba. Ina wuni."

"Lafiya. Kana ina?"

"Ina ƙofar gidan Kawu, Baba. Tun hantsi. Mota na nan, kowa ya shirya. Shi ne ya ce ba zai shiga motar ba."

"Tun jiya mutum nawa suka kira layin nan?"

"Ashirin da uku."

"Me suka ce?"

"Mai suke nema, Baba. Dukkansu. Wata tsohuwa ce kawai ta ce ina yarinyar, ko lafiya." Sai ya ƙara da cewa, "Na gaya wa Kawu. Ya ce shi rubutun nan ya gani."

Baba ya kalli tabarmin. Sannan ya ce, ba da Mudassir ba, ba da kowa ba, "Wata bakwai ina roƙa wa wani mutumin Kano rufin asiri."

Ya zura takalmansa, ya mayar da magana kan Mudassir.

"Shiga ka kai masa wayar."

"Baba, ya ce kada wanda ya..."

"Ka ce masa ba uban yarinya ba ne. Mai gyaɗar ne, wanda 'yarsa ta tayar wa inji. In ya gama ji ya zauna a gidansa in ya ga dama."

Ya fita da wayar a kunne duk da a fili take, ya bi ta gindin darbejiya ya yi gaba, har muryarsa ta ɓace min. Malam Tukur ya tsaya tsakiyar zaure yana kallon kowa, ya ce, "Ni dai jarka arba'in na zo ɗauka."

Ƙaramin ƙanin Baba ya duba agogo, ya girgiza kai, ya sunkuya ya fara naɗe dardumar Kawu Da'u. Ya kai rabi sai inuwar Baba ta dawo bakin ƙofa. Ya rufe wayar da tafin hannu, har yanzu ana magana a cikinta, muryar wani tsoho da ban taɓa ji ba, tana hawa tana sauka.

"A bar shimfiɗar nan yadda take," ya ce. Sannan, karo na farko tun safe, ya kalli labulen. "Ke kuma kada ki cire kayan nan. Ni da ke sai baƙi sun tafi, ko sun zo ko ba su zo ba."

Ya koma waje.

Umma ta mayar da miyar kan wuta. Ni na zauna a inda nake, lalle a hannu, leshi a jiki, matacciyar waya a cinya, ina sauraren kwanar layinmu.